Na mai da wayata modem, giga 6 ta ƙare a dare ɗaya

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah waɗanda suka san kan kwamfuta su ɗan tsaya su saurare ni, abin ya fara fin ƙarfina.

Karatu nake yi ta intanet. Sau biyu a mako muna shiga aji ta bidiyo, kowane zama kusan awa biyu, sannan akwai aikin da ake turawa kafin sha biyun daren Lahadi. Zangon farko da waya na lallaɓa, amma duk wanda ya taɓa rubuta shafi takwas da babban yatsa ya san wuyar da na sha. Da ƙanena ya ga halin da nake ciki sai ya bar min tsohuwar laftof ɗinsa. Windows 10 ce a kanta, kuma ta fi shekara tana kwance a jaka ba wanda ya kunna ta. Shi ya nuna min yadda zan kunna hosfot a wayata, Android ce mai layi biyu, laftof ɗin ta kama ta Wi-Fi. Nan take kuwa ta kama. Na yi ta sa masa albarka.

Ashe murna za ta koma ciki. Ranar Juma'a da yamma na sa giga 6, wadda a waya takan kai ni kusan mako uku. Na buɗe shafin makaranta, na sauke takardu biyu da ba su kai mega goma ba, sai 'yan biyu suka fara rigimar barci. Na bar laftof a buɗe na je kwantar da su, ni ma barcin ya yi awon gaba da ni. Da asuba na tarar da saƙo wai datata ta ƙare. Na ɗauka idona ne, na mutsuke shi na sake dubawa. Babu ko mega ɗaya. Kuma wallahi ban kalli bidiyo ko na minti guda ba.

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta tafi kan wani yaron maƙwabtanmu da yake yawan zama a jikin tagar falonmu da dare yana latsa waya, don lambar sirrin da ƙanena ya sa min ɗaya zuwa takwas ce a jere. Ban ce masa uffan ba, amma kallon da na yi masa da safe ya isa.

Na sake sa wata datar, sai matsala ta biyu ta ɓullo. Ranar Talata muna tsakiyar aji, malami yana kiran suna kowa ya yi bayanin aikinsa, saura mutum biyu a zo kaina, sai ga kiran mahaifiyata a ɗaya layin. Wayar tana fara ƙara hoton malamin ya sandare, bakinsa a buɗe. Kiran uwa kuma ba a katse shi. Na ɗauka na ce Inna ina aji zan kira ki, ta ce to, amma sai da ta tambayi jikin yara ɗaya bayan ɗaya. Kafin intanet ya dawo an wuce sunana.

Ta uku zafi. Wayar tana jone da caja, a kan filo kusa da ni, cikin rigarta ta roba. Bayan awa ɗaya ba ta taɓuwa, kamar dutsen guga. Kuma duk da tana caji batirin ba ya gaba, wani lokacin ma baya yake yi.

Wata ƙawata ta ce in haɗa su da kebul kawai in huta. Na soka, waya ta nuna tana caji, amma wurin da ake kunna raba data ta USB ya dushe, ba ya latsuwa ko kaɗan.

To wayar ce ba ta da kyau, ko laftof ɗin ce, ko ni ce ban iya ba? In haƙura in nemi 'yar na'urar nan ta Wi-Fi da ake sa wa layi, ko akwai gyara? A yi min bayani irin na wadda ba ta san komai ba, don gaskiya ban sani ba.

Ɗan Zaure:

Wa alaikumus salam. Anti, ai kin riga kin ba wa kanki amsa. Ɗaya zuwa takwas ba lambar sirri ba ce, ƙofa ce a buɗe da tabarma a shimfiɗe. Ita ce abu na farko da kowane yaro yake gwadawa. Ki shiga saitin hosfot ɗin yanzu ki canza ta. Takwas ne mafi ƙarancin abin da waya take karɓa, amma ki kai sha biyu, ki gauraya haruffa da lambobi, kuma ban da sunan yaranki ko lambar wayarki. A wurin za ki ga jerin na'urorin da suke jone da ke. In kin ga biyu alhali laftof ɗaya gare ki, magana ta ƙare.

Mai Gyara:

Hajiya, lambar sirri kam ki canza, ɗan'uwa ya yi gaskiya a nan. Amma ki dakata da ɗaukar alhakin yaron mutane. Gyaran kwamfuta sana'ata ce, kuma irin wannan kukan na sha jin sa. Da wuya in bincika in tarar daga waje ɓarawon yake. Mai cin datar yana kan teburinki, ke kika buɗe masa murfi.

Ga yadda abin yake. Waya ta san datar layi saye ake yi, shi ya sa yawancin manhajojinta sukan jira a samu Wi-Fi kafin su sauke abu mai nauyi. Ita kuwa laftof in ta ga Wi-Fi, ɗauka take yi irin na gida ne ko na ofis da ba a lissafinsa. Sai an gaya mata cewa wannan daga 'yar wayarki yake fitowa. To ki ɗora wannan a kan kwamfutar da ta shekara a jaka. Microsoft ta saba sakin gyare-gyaren Windows ranar Talata ta biyu a kowane wata. Ta rufe gyaran kyauta na Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, amma duk abin da aka saki kafin ranar yana nan yana jiran kwamfutar da ba ta karɓa ba. Ga burauza tana son a sabunta ta, ga manhajar kariya, ga duk tarkacen da ƙanenki ya zuba a ciki. Suna ganin intanet suka yi dafifi kamar garke a bakin rijiya. Ba lalacewa ba ce, kowa aikin da aka sa shi ya yi, kuma kin ba su dare guda cur babu mai tsawatarwa.

Kada ki karɓi maganata haka nan, ki je ki gani da idonki. Zan rubuta sunayen yadda suke a fuskar kwamfutar don kada ki ɓata. Ki buɗe Settings, ki shiga Network & Internet, ki nemi Data usage. Za ta nuna miki lissafin kwana 30 da suka wuce, manhaja bayan manhaja, da abin da kowace ta sha. Ki dawo ki gaya mana wa ke saman jerin.

Maganin kuma yana nan kusa. A cikin Network & Internet ɗin ki latsa Wi-Fi, ki latsa sunan hosfot ɗinki, ki gangara ƙasa har ki ga Set as metered connection, ki kunna. Ma'anarsa kin shaida wa kwamfutar cewa wannan intanet ɗin da mudu ake auna shi. Daga nan za ta danne yawancin manyan saukale-saukalen. Na ce yawanci, don akwai gyaran da take ɗauka na dole ne, shi zai iya wucewa, kuma wasu manhajojin da ba na Microsoft ba ba sa duba wannan alamar sam. Waɗannan sai ki bi su ɗaya-ɗaya ki hana su tashi tare da kwamfuta. In kina son ƙarin kwanciyar hankali, a Windows Update akwai wurin dakatar da sabuntawa har zuwa kwana 35. Sai dai kada ki mai da wannan ɗabi'a. Ki nemi rana ki kai ta inda akwai Wi-Fi marar awo ta sha ta ƙoshi sau ɗaya.

Abu na gaba ba zai yi miki daɗi ba, amma gara ki ji shi yanzu. Ko an toshe duk wata ɓaraka, giga 6 ba za ta ƙara kai ki mako uku ba muddin kina aji ta bidiyo. Mu yi lissafi. Gudun intanet da megabit ake auna shi, ita kuwa data da megabait ake sayarwa, kuma bit takwas ne bait ɗaya. Mu ɗauka bidiyon ajinku yana shigowa da megabit ɗaya da rabi a daƙiƙa. Awa ɗaya daƙiƙa 3,600 ce, ya zama megabit 5,400. Raba takwas, mega 675 ke nan. Zaman awa biyu ya haura giga ɗaya, zama biyu a mako ya kusa giga uku. Ban ma sa abin da kyamararki take turawa ba, don turawa ma data ce kamar saukewa. In malaminku bai tilasta ba ki kashe kyamara sai an zo kanki. In kuma darasi ne a YouTube, ki sa hannu ki sauke ingancin hoton zuwa 360 ko 480, don babban allo yana jawo hoto mafi nauyi fiye da na waya.

Batun kira da zafi na bar wa manyanmu, na ga Tsohon Hannu yana kan layi.

Tsohon Hannu:

'Yata, sannu da ƙoƙari. Karatu da goyon 'yan biyu, Allah Ya ba da sa'a.

Da na karanta labarinki sai da na yi dariya ni kaɗai. Mu lokacin da muka fara wannan harka babu wani hosfot. Nokia ce da kebul ɗinta, ka sa manhajar Nokia PC Suite a kwamfuta, kwamfutar ta buga *99# kamar mai kiran wani, sannan ka naɗe hannu kana kallon hoto ɗaya yana saukowa layi-layi daga goshi zuwa haɓa. GPRS ake ce wa wannan tafiyar hawainiyar. Sai a 2010 Android 2.2 ta zo da hosfot a cikinta, iPhone ta bi baya da nata a 2011. Amma matsalar kira tana katse data tun wancan zamanin muke tare da ita.

Dalili biyu ne. Na farko, 4G don data aka gina ta, ba ta da tsohuwar hanyar murya. In layinki da wayarki ba su da abin da ake kira VoLTE, wato murya ta bi ta cikin 4G ɗin kanta, to duk sanda kira ya shigo sai wayar ta sauko 3G ko 2G ta amsa. In 2G ta faɗa, data takan tsaya cak sai an gama magana. Na biyu, kuma shi ne naki, layi biyu. Yawancin wayoyi masu layi biyu duka layukan suna zaune suna jiran kira, amma in ɗaya ya shiga magana ɗayan sai ya dakata. Hanya ɗaya ce suke karɓa-karɓa a kanta. Kiran mahaifiyarki ya shigo ta layin da ba na data ba, na datar ya ja gefe ya ba shi wuri.

Kada ki ce za ki sa wayar a yanayin shiru, ko wannan na kada a dame ni. Ƙarar kawai yake kashewa, kiran ya riga ya iso wayar. Abin da ke aiki shi ne ki shiga saitin layuka ki kashe ɗaya layin gaba ɗaya na tsawon ajin. Shi kuma layin datar ki duba ko akwai VoLTE ki kunna. Sannan ki gaya wa Inna ranakun ajinki da lokacinsu, wannan ya fi duk wani saiti.

Zafi kuma, ki duba aikin da kika ɗora wa baiwar Allah. Tana magana da turken sabis, tana watsa Wi-Fi ga laftof, tana cajin batir, duk a lokaci guda, sannan kin lulluɓe ta da roba kin kwantar da ita a kan filo. In sabis ya yi rauni a wurin, sai ta ƙara ƙarfin watsawa don turken ya ji ta, zafi ya daɗu. Batirin waya ba abin da yake tsufar da shi da wuri kamar zafi. Apple ma ta ce zafin wuri da ya haura digiri 35 yana iya rage wa batirin wayoyinta ƙarfi har abada, kuma batirin taki irin wannan ne, na litiyam. Ki tuɓe mata rigar, ki ajiye ta a kan abu mai tauri, katako ko tayil, inda iska take bugawa amma ba rana.

Ki kuma nemi inda sabis ya fi ƙarfi a ɗakin. Kada ki dogara da sandunan nan na saman waya, ba su da cikakkiyar gaskiya. A cikin bayanin waya, wurin matsayin layi, akwai wata lamba mai alamar ragi a gabanta da dBm a bayanta. Wadda ta fi kusa da sifili ita ce mai kyau. -85 lafiya lau, -110 kuwa waya tana shan wuya. Ki zaga ɗakin da ita a hannu kina kallon lambar.

Ƙawarki ta ba ki shawara mai kyau, kebul ɗinki ne bai cika ba. Kebul ɗin USB na yau da kullum zare huɗu ne a cikinsa, biyu na wuta, biyu na saƙo. Waɗanda suke zuwa da fitila ko 'yar fanka sau da yawa biyun wutar kawai aka sa musu. Waya za ta yi caji, amma kwamfuta ba ta san an soka komai ba, shi ya sa wurin ya dushe. Ki nemo wanda ya zo da wayar. Da kebul an ɗauke mata aikin watsa Wi-Fi, babu mai shiga daga taga, kuma laftof ɗin tana ɗan ɗura mata wuta. Ba da yawa ba dai, tsohon ramin USB 2.0 miliamfiya 500 yake bayarwa, na 3.0 mai shuɗin harshe 900. In da shuɗin, shi za ki soka. Akwai hanyar Bluetooth ma, ba ta cin batir sosai, amma da ƙyar take kai megabit biyu. Ta tura saƙo ce, ba ta aji ba.

Ni dai ra'ayina, in da hali ki sayi 'yar na'urar nan. Waya ta kira ce. Wanda zai shekara biyu yana aji a kanta, batiri zai biya.

Uwar Biyu:

Innalillahi. Malam Mai Gyara, na duba. A saman jerin akwai wani abu wai System, ya sha giga 4.1. Na biyunsa ban taɓa tsammani ba: ma'ajiyar hotuna ta intanet da ƙanena ya bari a buɗe da sunansa, ta yi ta sauko min da hotunan bikin abokinsa, giga ɗaya da ɗoriya. Na buɗe na gani, ga angwaye nan sun sha babbar riga da datata. Na kira shi, dariya ma ya yi, ya ce ya manta. Na fitar da asusunsa. A jerin na'urorin da ke jone da waya kuwa laftof ce kaɗai. Yanzu kunyar yaron nan nake ji, ban san da wane ido zan kalle shi ba. Lambar sirri dai na canza, na gode ƙanena Ɗan Zaure.

Baba Tsohon Hannu, kamar kana ɗakin. Kebul ɗin na fitilar karatun yara ne. Na tono na wayar a ƙasan akwati, ina sokawa wurin ya yi baƙi ya latsu, intanet ya zo ba tare da an tambaye ni wata lamba ba. Zafin ma ya ragu sosai.

Amma ga sabon abu. Na kunna abin mudun nan a Wi-Fi kamar yadda aka ce. Da na koma kebul sai na ga data tana sake zuba, cikin minti ashirin mega ɗari uku ta tafi ina kallo, na yi maza na zare. Sannan don tsoro na kunna mai tattalin data a wayar kanta, sai raba datar ya mutu gaba ɗaya, ya ƙi kunnuwa. Ina na yi kuskure kuma?

Mai Gyara:

Wannan laifina ne Hajiya, ban kai ki ƙarshe ba. Alamar mudun nan ba kwamfuta gaba ɗaya ake sa wa ba, kowace hanya da tata. Kin sa wa Wi-Fi ɗin hosfot. Da kika soka kebul, Windows ba ta gan shi a matsayin waya ba, ta ɗauke shi kebul ɗin intanet irin na ofis, wanda take kira Ethernet. A wurinta sabuwar rijiya ce, sai ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ki soka kebul, ki kunna raba data, ki shiga Network & Internet, wannan karon ki latsa Ethernet, ki latsa sunan da ya fito, ki kunna alamar a can ma. Ki kashe datar wayar kafin ki fara, sai kin gama ki kunna. Kuma ki riƙa leƙawa lokaci-lokaci, don wata wayar in an sake sokawa kwamfuta takan ɗauke ta sabuwar hanya ta ba ta sabon suna, alamar ta koma a kashe.

Mai tattalin data kuwa ki kashe shi. A wayoyin Android da dama ba ya zama tare da raba data, in ɗaya ya tashi ɗayan ya kwanta. Dama ba zai hana laftof shan abin da take so ba.

Batun na'ura, Baba ka gafarce ni, ban bi ka ba a nan. Na'urar za ta raba ta da matsalar kira da zafi, gaskiya ne. Amma da ita ce a daren Juma'ar nan, giga shidan haka za ta tafi, don ita ma Wi-Fi laftof za ta gani. Kuma sabis ɗin da waya take kamawa a ɗakin shi na'urar za ta kama, ba ta zuwa da nata turken. Awa huɗu a mako da kebul ba zai kashe waya ba. Ta gwada wata guda tukuna.

Tsohon Hannu:

Awa huɗu ka ce, ka manta daren Lahadi da ake kwana ana rubutu. Amma na yarda, ta gwada.

Ɗalibar Lissafi:

Anti Uwar Biyu ki yi haƙuri in raɓa a inuwarki. Ni iPhone ce, laftof ɗina kuma tsohuwa. Wayoyin ƙawayena duk suna ganin hosfot ɗina, ita kaɗai ce ba ta ganin sunan ma balle ta nemi lamba. Kebul ɗin ma na gwada, shiru.

Mai Gyara:

Ƙanwata, mai yiwuwa ba a zango ɗaya suke ba. Wi-Fi yana da zangon 2.4 da na 5, tsofaffin laftof da yawa 2.4 kawai suke ji. Daga iPhone 12 zuwa sama, a shafin Personal Hotspot akwai Maximize Compatibility. Ki kunna shi, zai mai da ke 2.4. Ki kuma bar shafin a buɗe har laftof ta kama, don in kin fita babu wanda ya shiga, wayar takan daina nuna kanta. Masu Android su ma suna da wurin zaɓen zango a saitin hosfot. Kebul kuwa, Windows ba ta gane iPhone a matsayin modem sai an sa iTunes ko manhajar Apple Devices, sannan in waya ta tambaye ki ko kin amince da wannan kwamfutar ki ce e.

Uwar Biyu:

Jama'a na dawo da rahoto. Jiya Talata na yi aji daga farko har ƙarshe bai yanke ba. Na kashe ɗaya layin, na kashe kyamara sai da aka kira sunana, na yi bayanina har malam ya yi min tambaya biyu. Na duba kafin da bayan aji, mega 810 ta tafi. Da ciwo, amma aƙalla na san inda ta je. VoLTE ɗin na neme shi ban gan shi a wayata ba, na bar shi. Inna kuma ta kira ta ji a kashe, sai ta kira maigidan tana tambaya ko lafiya, alhali na gaya mata tun ranar Lahadi.

Baba, na yi zagayen da ka ce, yara suna bina a baya sun ɗauka wasa ne. A kan gado inda nake ajiye ta lambar -112 ce. A tsakiyar falo -104. Da na isa tagar falo sai ta koma -93. Tagar nan dai da yaron yake zama a jikinta. Da yamma na leƙa na gaishe shi, na tambaye shi me yake zaunar da shi a nan kullum, ya ce Anti ai duk layin nan babu inda sabis yake kamawa kamar nan, a ɗakinsu ko saƙo ba ya fita. Kebul ɗina gajere ne, don haka na ja teburin guga na kai shi bakin tagar, can na koma da karatu. Shi yana waje, ni ina ciki.

Malam Mai Gyara, saura abu ɗaya. Kwamfutar ta fara nuna min wani ɗigo a ƙasa wai akwai sabuntawa da ke jira. Ranar Asabar zan je inda akwai Wi-Fi marar awo. In na haɗa ta da na can, sai na kashe alamar mudun, ko da kanta za ta gane?